Injin wanki mai baho biyu ko otomatik: amsa ga Hajiyar Badariya

Hajiya, barka da yini. Ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari ne sai na samu zama, don maganar ta fi ƙarfin layi biyu. Ga waɗanda ba su gani ba, ta ce su tara ne a gida: ita, maigida, mahaifiyarsa, da yara shida har da na goye. Gidan haya suke a unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi, ruwa wurin 'yan ga-ruwa suke saye, wuta sai yadda ta samu, sai ɗan ƙaramin janareta. Mai wankinsu ya ƙara kuɗi, maigida ya ce ta zaɓi inji. Ta ga mai ƙofar gilashi a gidan ƙawarta ya kwanta mata a rai, shi ne take tambaya ko shi za ta saya, ko mai baho biyu da ake ce wa manuwal.

Ni mai baho biyu gare ni, shekara shida ke nan. Yayata da ke unguwar Gesse otomatik mai ƙofa a gaba gare ta, irin mai ƙofar gilashin nan da kika gani, kuma na yi wata biyu a gidanta sa'ad da ta haihu, ni nake kunna shi ni nake kashewa. Akwai na uku da ba ki ambata ba, otomatik mai buɗewa ta sama, shi kuma a gidan maƙwabciyata na san halinsa. A gidan da kika kwatanta mana, mai baho biyu nake ba ki shawara, kuma na 10 kilo zuwa sama. Ga dalilaina.

Ruwa ne farkon abin dubawa, ba kyan inji ba. Mai baho biyu ba ruwansa da inda ruwa ya fito. Ki buɗe murfi, ki tuttula jarka, ki zuba omo, ki murɗa taima, shi ke nan. Ruwan rijiya, ruwan kura, ruwan saman da kika tara a duro, duk ɗaya ne a wurinsa. Otomatik kuwa da kansa yake jan ruwa ta tiyo, kuma ba ya ja sai ruwan ya zo masa da ƙarfi. A jikinsa akwai wata 'yar ƙofa mai aiki da wuta da take buɗewa ruwa ya shiga, in ya kai gejin da aka tsara ta rufe. In ruwan yana ɗigowa kamar hawaye, injin zai jira na 'yan mintuna, ya yi ƙara, ya nuna wasu haruffa, ya tsaya cak.

Ƙarfin ruwan tanki daga tsawonsa yake zuwa. Kowace mita 10 ta tsawo tana ba da ma'auni ɗaya, wanda ake kira bar, kuma da yawa daga masu ƙofa a gaba suna neman wajen rabin haka. Ma'ana, ruwan tankin ya ɗara bakin injin da kusan mita 5. Tankin da aka ɗora kan bulo huɗu a tsakar gida ba zai yi ba. Haka ta faru da yayata satin farko. Ta ɗauka an sayar mata da lalatacce, har ta fara faɗa. Mai gyara ya zo, ya kwance tiyon, ya buɗe famfo, ya kalli yadda ruwan ke zuba, ya ce, "Hajiya, injin ga lahiya lau shike, ruwa na ba su isa mai." Sai da aka sayo ƙaramin famfon ƙara ƙarfi, wanda masu aikin famfo ke ce wa busta, aka ɗaura a layin. Ke kuwa ko tankin ba ki da shi, kuma gidan ba naki ba ne balle ki ce za ki kafa ƙarfe ki ɗora.

Abin mamaki, wanda ya fi wahalar shayarwa shi ne ya fi tsimin ruwa. Mai ƙofa a gaba na 7 ko 8 kilo yakan gama wanki da ɗauraya da lita 50 zuwa 60, wato jarka biyu da 'yan kai in jarkar mai lita 25 ce. Ba ya nutsar da kaya, ɗan ruwa ne a ƙasan gangar, yana ɗaga su yana sako su a ciki. Otomatik mai buɗewa ta sama shi ne mashayi. Sai ya cika baho ya wanke, ya zubar, ya sake cikawa ya ɗauraye, wani lokaci sau biyu, lita 100 zuwa sama a zubi ɗaya. Mai sayen ruwa a kura ba shi da haɗi da wannan.

Mai baho biyu yana tsakiya, kuma hannunki ne ma'auninsa. Nawa yakan sha jarka biyu zuwa uku kafin ya kai inda nake so, amma ruwan kumfa ɗaya nake wanke zubi uku da shi. Farare da farko, sai masu launi mara zuba, sai kayan wasan yara da suka sha ƙasa. In na gama, ruwan ɗauraya ba ya tafiya kwata, da shi ake wanke tsakar gida da bayi. Otomatik ba ya ba ki wannan damar, in ya gama da ruwa ya tura shi waje ke nan.

A nan akwai maganar da ba a cika yi ba a shagon sayar da inji, maganar tsarki. Kina da na goye, kina da tsohuwa a gida. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, ruwan da ke kawar da najasa shi ne ruwa zalla, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja ba. To in za ki maimaita ruwan kumfa kamar yadda nake yi, kada kayan fitsari su shiga cikinsa kai tsaye. A fara zuba musu ruwa a gefe a kawar da najasar, sannan su shiga inji, kuma ɗaurayar ƙarshe ta kasance da ruwa mai kyau. Ni kayan sallar maigida da sallaya ba na haɗa su da na jariri ko kaɗan. Ko a otomatik ma haka yayata take yi. Sauran bayani wurin malamai yake.

Sai wuta. Motar wanki ta mai baho biyu ba ta wuce wat 300 zuwa 500 a yawancinsu, ta matsewa kuma ba ta kai haka ba. Ƙaramin janareta yana iya ɗaukarsa in an kashe firij da dutsen guga, sai dai za ki ji ya yi nishi duk sa'ad da motar ta juya, don mota tana jan wuta da yawa lokacin tashi. Ki duba rubutun da ke bayan injin ki gwada da na jikin janaretanku tun kafin a biya kuɗi. Mai ƙofa a gaba shi ma motarsa ba ta da ci sosai, musamman masu inbata. Matsalarsa abin dafa ruwan da ke cikinsa ne, wanda ke jan wajen wat 2,000. In kika manta ba ki saita shi a ruwan sanyi ba, ƙaramin janareta ɗif zai yi. Wanki ɗaya da ruwan zafi na iya cin yunit ɗaya ko fiye a mita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba wanda ke kunna janareta don wasa, kuma masu layin Band A, wato layin da aka fi ba wuta, sun san yadda aka ɗaga musu yunit zuwa naira 225 a watan Afrilun 2024. Ruwan zafin ma me za mu yi da shi? A watan Afrilu a Birnin Kebbi, ruwan da ya yini a baƙin tanki sai an surka shi kafin a yi wa yaro wanka.

Amma abin da ya fi yawan wutar muhimmanci shi ne tsawon zamanta. Taimar mai baho biyu minti 15 ce iyakarta, matsewa minti 5. In aka kawo wuta ta awa ɗaya da rabi, na fitar da zubi uku, in ina da mai taya ni. Mai ƙofa a gaba yakan yi awa ɗaya da rabi zuwa uku a kan zubi ɗaya na cikakken wanki. Akwai na gaggawa mai minti 15 zuwa 30, amma na kaya kaɗan ne marasa datti sosai. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kayan suna ciki, ruwa yana ciki, ƙofa a kulle. Na taɓa tsugunawa da faranti mai faɗi ina tatsar ruwa ta ɗan ƙaramin tiyon da ke ɓoye a ƙasan injin yayata, faranti bayan faranti, don a ciro yunifom ɗin da za a sa gobe. In aka ɗauke a nawa, hannu kawai nake sa wa in kwashe kayana in ƙarasa a baho.

Wuta mara ƙarfi kuma, irin ta lokacin zafi da fanka ke juyawa kamar mai jin barci, ita ce ajalin otomatik. Wutarmu volt 230 ya kamata ta zo. In ta faɗi ƙasa sosai, ko ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, fanel ɗin da ke sarrafa injin ne ke fara tafiya. Wanda zai sayi otomatik ya sa kuɗin sitabilaiza mai ƙarfi a lissafi tun daga farko. Manuwal ba shi da fanel. Taimarsa irin ta agogon da ake murɗawa da hannu ce, sai mota biyu, sai bel, sai kafasito, ɗan abin da ke taimaka wa mota ta tashi. Mota ma tana ƙonewa in wuta ta yi rauni aka matsa mata, don haka in kika ji tana gurnani ba ta juyawa, ki kashe.

To kada ki ce na ɓoye miki aibin nawa. Mai baho biyu aiki ne. Sunansa inji, amma ranar wanki tana nan ranar wanki. Ke za ki zuba ruwa, ke za ki ciro kaya jiƙe sharkaf ki mayar ɓangaren matsewa, ki danna su da ɗan faifan roba, ki matse, ki zubar da ruwa, ki sake cikawa, ki ɗauraye, ki sake matsewa. In ba ki jera su daidai ba, bahon matsewar ya dinga dukan jikin injin kamar ana kiɗan ganga, sai kin buɗe kin gyara. Hannunki yana cikin ruwa, bayanki yana sunkuye. Abin da ya ɗauke miki shi ne cuɗa da matsa, kuma wallahi ba ƙaramin abu ba ne ga mai zanen gado shida. Amma yayata tana zuba kaya ta danna, ta tafi ta ɗora tukunya, ta yi wa jariri wanka, ta yi barcinta. Wannan hutun shi ake saye da kuɗin otomatik, kuma hutu ne na gaske. Da ina da bohol da tanki a sama da sola mai ƙarfi, kuma ina fita aiki tun safe, da ban tsaya wata-wata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin ce manyan 'yan matanki biyu sun tasa, to kina da hannu, kuma wannan yana cikin abin da ya sa na ce manuwal.

Wajen fitar da datti, gaskiya mai ƙofa a gaba ya fi, kuma ya fi tausayin tufafi. Yana ɗaga kaya ya sako su, kusan yadda masu wanki ke buga zane a bakin gulbi, sannan yana daɗewa a kai. Mai baho biyu da mai buɗewa ta sama faifai ne a gindinsu yake murɗa ruwa dama da hagu. Yana wankewa, amma yana cukuikuye kaya. Dogon hijabi da mazugin wando da hannun riga sai su fito a ɗaure kamar igiyar guga. Dabarata ita ce in zura hijabai da mayafai a rigar filo in ɗaure bakin. Wuyan riga da safar 'yan makaranta da ta sha jar ƙasa kuwa, duk cikin ukun ba wanda ke fitar da su tas sai an ɗan goga sabulu da hannu tukuna.

Akwai kayan da ba na bari su kusanci kowane inji. Shaddar maigida mai maiƙo, babbar riga mai aiki, hula, leshi mai duwatsu. Shadda in ta sha juyi sheƙinta yake tafiya, a bar wa masu wanki da bugu sana'arsu. Duwatsun leshi kuma ɓallewa suke, a otomatik su tafi su toshe famfon fitar da ruwa. Saboda haka kada ki sallami mai wankinku gaba ɗaya, rage masa kaya za ki yi. Sabuwar atamfa da rinanniyar shadda a gwada su a bokiti tukuna. Ni na taɓa mayar da fararen rigunan makaranta uku ruwan hoda saboda ɗankwali ɗaya ja, har yau yaran suna yi mini tsiya.

Omo ma da bambanci. Mai baho biyu yana cin kowane iri, har guntayen sabulun da kika jiƙa. Mai ƙofa a gaba yana son mara kumfa da yawa, wanda aka rubuta na otomatik ne a ledarsa, kuma ya fi tsada. Ranar da 'yar aikin yayata ta zuba na hannu cikin gwangwani, kumfa ta aljihun zuba omo ta dinga fitowa har bakin ƙofar kicin.

Gyara shi ne inda nake ganin mutane ba sa dogon tunani. A shekara shida, nawa ya ci bel ɗaya, kafasito ɗaya, sai wayar da ɓera ya ci ta ƙasa, don gindinsa a buɗe yake. Dukansu mai gyaran fanka da firij na unguwa ne ya gyara mini, a yini ɗaya. Murfinsa kuma ya tsage saboda na bar shi a rana shekarar farko, roba ce, ranar Kebbi ba ta raga mata. Ki nema masa inuwa, ki ɗinka masa riga saboda ƙurar hunturu. Otomatik in fanel ya mutu, sau da yawa sai an aika Kano ko Legas, a yi ta jira, kuma kuɗinsa ba wasa ba. Wannan garantin shekara 10 da za ki gani an manna a gaban wasu, ki karanta da kyau, na mota ne kaɗai, bai shafi fanel ba. Sunayen da za ki fi gani a shaguna su ne LG, Hisense, Haier Thermocool, Scanfrost, Midea, Samsung, Nexus da Maxi. Ba zan ce miki wannan ya fi wancan ba. Kafin ki je shago, ki aika yaro wurin mai gyaran unguwarku a tambaye shi wanne ne yake samun kayansa a nan gari, amsarsa ta fi ta mai sayarwa amfani.

Na hannu 'yan Kwatano kuma a yi hattara. Wanda aka yi don Amurka wutar 120 yake sha, ba irin tamu ba. Na Turai wutarsu ta yi daidai da tamu, amma yawancinsu masu ƙofa a gaba ne da suka riga suka ci shekarunsu.

Kuɗi ba zan faɗi adadi ba, don tun 2023 farashin wannan watan ba shi ne na watan gobe ba. Abin da bai canja ba shi ne mai ƙofa a gaba yakan ninka manuwal mai girmansa sau biyu ko fiye, kafin a zo ga sitabilaiza, mai haɗa famfo, da busta. Nauyinsa kuma ya haura kilo 60, don akwai kankare a cikinsa da ke danne shi lokacin matsewa. Mai gidan haya ya tuna da ranar tashi. Manuwal yara biyu sun ɗauke shi. Wanda ke haɗe da na'urar busarwa kuwa, kada ma ki kalle shi. Kayan da aka matse da kyau, a shanya su a ranar Maris, kafin ki gama zubi na gaba sun bushe. A watan Agusta ne kaɗai za ki gode wa bahon matsewa, shi ma mutane suna ce masa diraya, alhali matsa kawai yake yi.

Kilon da aka rubuta nauyin busassun kaya ne, kuma a mai baho biyu na ɓangaren wanki ne. Bahon matsewa ya fi ƙanƙanta, abin da kika wanke a zubi ɗaya sai ki matse shi sau biyu. Shi ya sa na ce gida mai mutum tara kada ya sauka ƙasa da 10. Na 6 ko 7 zai sa ki yini a tsaye. Kada kuma a cusa masa kaya har wuya don an ga yana da girma, in kaya ba sa juyawa a sake, datti ba ya fita, mota ce kawai ke wahala. Babban bargo mai nauyi in ya sha ruwa ya fi ƙarfin yawancinsu.

Ga masu karatu da za su sayi mai ƙofa a gaba, abu ɗaya: a bayansa akwai manyan kusoshi uku ko huɗu da ke riƙe gangar saboda tafiya a mota. Dole a cire su kafin wankin farko. Yaron da ya kawo na yayata bai cire ba, injin ya fara matsewa ya dinga tsalle yana tafiya har ya tsinke tiyo. In an gama wanki kuma a bar ƙofar a ɗan buɗe, in ba haka ba robar bakinta ta yi baƙi ta yi wari.

Ke kuma Hajiya, in an kawo naki, ki sa shi inda ƙasa take daidai, kusa da magudana, don yawancin manuwal ba su da famfon tura ruwa, tiyon sai an kwantar da shi ƙasa ruwa ke fita. A sa mai wuta ya yi masa soket mai wayar ƙasa, a sama inda ruwa ba ya kaiwa, ba a jawo waya ta bi ta cikin jiƙaƙƙen siminti ba. Tun a shago ki sa a kunna, a buɗe murfin matsewa yana gudu ki ga ko birkinsa yana tsayar da shi nan take. Kada a bar baho cike da ruwa babu babba a wurin, mai rarrafe da mai tatata ba su san haɗari ba, kuma kada yaro ya sa hannu bahon matsewa bai tsaya ba. A dinga lalube aljihu: ƙusa, reza, allurar hijabi, ƙwallon dabino, goron Inna. Naira 50 da 20 na leda ne, suna fitowa lafiya har da ƙanshi. Dubu ɗaya ta maigida kuwa dagargajewa take yi.

Ranar Asabar nake wanki in an kawo wuta da safe. Ki shigo Bayan Kara ki gani da idonki kafin ku biya, ki taho da zanen gado biyu da hijabin da ya fi tsawo a gidanku.